Hannun Jan Bawul

Litinin, daga kujera ta uku

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da awakinka da kunnuwanka da suka riga ka yin ritaya. Da hannun dama nake rubuto maka, na hagu yana shimfiɗe a kan matashi da allura biyu a ciki, don haka in ka ga rubutun ya karkace kada ka ce na manta makaranta. Awa huɗu ne wankin ƙoda, ka fi ni sani, kuma tun da ka tafi ba ni da mai leƙowa daga ɗakin ruwa yana yi mini tsiya. Waya ba ta da amfani tsakaninmu, gonarka ba sabis, kai ba kunne. Direban motar kaya ya ce zai riƙa kai maka takarda Laraba da Asabar, ya karɓo amsa.

Ɗakin wanki yana nan yadda ka bar shi, kujera shida, inji shida, da agogon nan da ba ya sauri sai in mutum ya yi barci. Mai Rediyo yana nan a kujera ta huɗu, kusa da ni, yana gardama da masu karanta labarai kamar suna jin sa. Tela har yanzu yana shan ruwa a ɓoye, ya hau sikeli ya ƙaru da kilo huɗu, ya rantse wa Sista wai nauyin takalminsa ne. Sista ta ce to gobe ya zo da takalmin a ɗora shi a inji.

Wadda aka kawo a madadinka, Injiniya muke ce mata. Ba yarinya ba ce, Yaya, ta kusa sa'ata, kuma ba ta da hayaniya. Ta share ɗakinka tas, ta manna wa kowane bututu takarda da sunansa. Kowace safiya ina hango ta ta ƙofa tana ɗiban ruwa a 'yar kwalba, ta jefa ƙwaya, ta ɗaga wa haske, kamar yadda kake yi. Ranar Juma'a ta tsaya a kaina ta ce, "Yayanki bai bar wani littafi ba? Na duba ko'ina ban ga rubutun komai ba." Na ce mata littafin yana cikin kanka, kan kuma ya tafi kiwon awaki. Ta yi murmushi, amma ba na jin daɗi ba. Ta roƙi in nuna mata direba don ta rubuto maka.

Na san ranka ya ɓaci. Shekara goma sha tara kana tace mana ruwa, aka sallame ka da takarda layi uku, wai ba ka jin ƙararrawa. Ni ma na yi kuka ranar. Amma ba ita ta sallame ka ba.

Jikina da sauƙi, sai dai kwana biyun nan gajiya ta yi mini yawa. Matakalar gidana guda tara, da nakan hau ina waƙa, yanzu sai na huta a ta biyar. Wataƙila tsufa ne ya gano inda nake.

Ka gaishe da awaki. Allah ya bar zumunci.

Taka,
Auta

Laraba, daga gona

Wa alaikumus salam, Auta.

Na sami takardarki, na kuma ji daɗi, duk da rashin kunyar da ke ciki. Awaki suna amsawa. Kunnuwana kuwa injin famfon asibitinku ne ya cinye su, ki tambaye su ko sun biya ni ko da na gode.

Gajiyar da kika faɗa, ki dubi kanki tukuna. Na san ki da shayi. Kofi biyu a yini aka ce, ba kofin nan naki mai kama da bokiti ba. In kika tara ruwa a jiki, dole inji ya ja da ƙarfi, dole ki sauka jiri na ɗibar ki. Ki rage gishiri. In an cire allura ki danne wurin minti goma cur, kada ki tsaya hira da Mai Rediyo ki saki. Maganin hana jini daskarewa da suke zuba miki a tiyo, hefarin, ba ya barin jiki da an kashe inji, yana nan yana aiki har ki isa gida.

Batun matar nan, kada ki haɗa ni da ita. Da suka kira ni ofis, shugaban sashe ya ce za su kawo mai takarda. To ga mai takarda sun samu, ta karanta takardarta. Ranar da zan tafi na tsaya a bakin ɗakin ruwa har azahar, ina jira wani ya ce mini, Sarkin Ruwa, zauna ka nuna mana yadda kake yi. Ba wanda ya ce. Makulli kawai aka karɓa, maigadi ma aka aiko ya karɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuma sun ce ba su bukatar mai ɗaki.

Ba na ƙin ta. Ban san ta ba balle in ƙi ta. Ɗakin nan ba wuya gare shi ba: ruwan gari ya shigo, ya bi ta tankin yashi, ya bi ta tankunan gawayi biyu su tsotse kulorin, maganin nan da masu ruwan gari ke zubawa, ya bi ta babbar matata, ya fita zuwa injinanku ya haɗu da ruwan magani. Wanda ya yi shekara huɗu a makaranta ai ba zai nemi tsohon kurma ya koya masa wannan ba.

An yi ruwa jiya, masara ta yi kyau. In kin sami hutu tsakanin Juma'a da Litinin ki zo ki gani, ko da yake na san igiyar da ta ɗaure ki ba ta kai nan ba.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayanki

Juma'a, daga sashen wankin ƙoda

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce wadda aka ba wa kula da ɗakin ruwa bayan tafiyarka. Ƙanwarka ce ta nuna mini direban da zai kawo wannan takarda. Ina neman afuwa da na rubuto ba tare da izininka ba.

Na tarar da ɗakin cikin kyakkyawan hali, kuma duk wanda na tambaya yana cewa a shekarunka ba a taɓa tsayar da wanki saboda ruwa ba. Sai dai ban tarar da bayanin miƙa aiki ba, don haka na bi littafin masu ƙera kayan. Na sauya ƙananan matatai, na wanke tankin ajiya, na manna suna a kowane bututu. A satina na biyu na lura cewa jan bawul ɗin da ke bayan tankunan gawayi, wanda ke buɗewa da rufe bututun da ke kewaye su, an bar hannunsa a miƙe tare da bututu, wato a buɗe. Na tsorata ƙwarai, na gitta shi nan take. Na ɗauka mantuwa ce ta ranar tafiya, ban kuma gaya wa kowa ba don kada a ga laifinka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Gwajin jinin wannan wata ya nuna jinin masu wanki ya ragu, ba mutum ɗaya ko biyu ba, kusan duka. Likita yana zargin allurar ƙarin jini da aka kawo kwanan nan. Sista tana ganin jinin yana duhu a cikin tiyo, tana zaton daskarewa yake son yi. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya, domin abin da mutum goma sha takwas suka haɗa a kai, in ban da ɗaki da ma'aikata, ruwa ne. Amma kullum ina gwada kulorin a 'yar famfon gwaji da ke bakin tankin gawayi na biyu, sau biyu a yini, ruwan yana fita fari tas, ko alamar ruwan hodar da ke nuna akwai kulorin babu.

Baba, akwai wani abu game da ɗakin nan da littafi bai faɗa ba? Ko layi biyu ka rubuto, zan gode. In ka fi so in zo da kaina ranar hutuna, zan zo.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarka a aiki,
Injiniya

Juma'a ta sama, daga kujera ta uku

Assalamu alaikum, Yaya.

Gaisuwa a taƙaice, don yau hannun ba ya son riƙe biro. Laraba direba ya dawo hannu rabbana, ya ce ka karɓi takardar Injiniya tun Asabar, ka juya ta, ka ɗora gwangwanin sukari a kai. Yaya, kai ne babba, ba zan ce komai ba, amma ka san abin da ake cewa game da girman kai da rawani.

Ba shayi ba ne. Na rantse maka kofi ɗaya nake sha yanzu, sikeli shaida ne. Matakalar nan kuwa a ta uku nake zama. Leɓena ya yi fari, 'yata ta ce kamar na shafa alli. Ba ni kaɗai ba ce. An yi wa Mai Rediyo ƙarin jini leda biyu ranar Litinin, kuma jiya da na kira gidansa matarsa ta ce ko rediyon bai kunna ba. Tela ya daina musu da Sista, yana hawa sikeli ya sauka shiru. Da ka shigo ɗakin nan yanzu, shirun ne zai fara ba ka tsoro, kai da ba ka ji ma.

Shekara shida ina kallon jinina yana fita ta tiyo ɗaya yana dawowa ta ɗaya, na san launinsa kamar yadda na san fuskar 'yata. Wanda yake dawowa yanzu ba shi ba ne. Ya yi wani irin duhu mai sheƙi, har kana iya hango haske ta cikinsa. Na nuna wa Sista, ta ce, "Gudaji yake son yi, bari mu ƙara hefarin kada matatar inji ta toshe." An ƙara wa kowa. Ranar Laraba na danne wurin allura minti arba'in bai tsaya ba, auduga biyar na jiƙa. Da safe in na goge baki, abin da nake tofarwa ja ne. Kuma in wanki ya kai awa guda sai bayana ya ɗau ciwo, ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora mini buhu.

Na tambayi Injiniya ko ruwanta lafiya. Ba ta ji haushi ba. Ta tafi ta kawo 'yar kwalbar har kujerata, ta jefa ƙwaya a gabana, ruwan ya tsaya fari. Ta ce, "Kin gani. Amma ni ma ban yarda da shi ba." Idonta ya faɗa, Yaya, matar nan ba ta samun hutu.

Wani abu kuma, ko da yake wataƙila ba ruwanka. Tun ambaliyar makon jiya ruwan famfon gidana yake warin maganin wanke farin kaya, shayi ma ba ya shayuwa. An yi sanarwa cewa daga safiyar Litinin masu ruwan gari za su ninka magani na kwana uku don wanke bututai, kowa ya bar ruwa ya kwana kafin ya sha. Injiniya ta ce kada mu damu, aikin tankunan gawayi ke nan, kuma ta duba su sabbi ne. Ni ce a layin farko ranar Litinin, ƙarfe bakwai, ni da Mai Rediyo da Tela.

Daren jiya wayata ta suɓuce mini a cikin baho, hannun ne ba ƙarfi, don haka takarda ce kawai tsakaninmu. Tsoro nake ji, Yaya. Ban taɓa gaya maka haka ba ko ranar da aka fara huda ni. Ka ɗaga gwangwanin nan ka karanta.

Taka,
Auta

Lahadi da hantsi, daga mararraba

Injiniya, assalamu alaikum.

Ki bar komai ki karanta wannan. Kada ki ɗora kowa a inji. In an riga an ɗora, a tsayar, kuma kada a mayar musu da jinin da ke cikin tiyo, a zubar da shi.

Jan bawul ɗin da kika gitta, buɗe shi kika yi. Hannunsa a juye yake. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce hannun asali ya karye mini ana tsakiyar wanki, na ciro wani daga tsohon famfo, na goge shi da zarto har ya shiga, amma bai zauna ba sai a karkace. Tun ranar, in hannun ya miƙe tare da bututu, a rufe yake. In ya gitta, a buɗe yake. Na ce zan sauya shi in an sami sarari, sarari bai zo ba, ni kuma na saba. Ban rubuta ba, ban gaya wa kowa ba.

Tun ranar da kika juya shi, yawancin ruwan ba ya shiga gawayi, yana bin hanya mai sauƙi ya kewaye. Gwajinki ba ƙarya yake yi ba. 'Yar famfon gwajin tana bakin tanki ne, ɗan ruwan da ya bi ta gawayi kike ɗiba, bututun kewaye kuwa a gabanta yake haɗewa, bayan kabad, inda ido ba ya kaiwa. Ki ɗebi ruwa a bakin babbar matata ki jefa ƙwaya, za ki gani. Babbar matata ba ta riƙe kulorin duka. Yana ratsawa cikin ruwan wanki, ya sami jini ta jikin matatar inji, ya farfasa shi. Abin da ƙanwata take gani a tiyo ke nan. Ba daskarewa ba ce, ki gaya wa Sista ta mayar da hefarin yadda yake, zubar da jini kawai take ƙara musu. Da ɗan maganin yau da kullum ya yi musu haka. In aka ninka shi gobe, ba na son in rubuta abin da zai faru.

Takardarki kwana bakwai ta yi a ƙarƙashin gwangwani. Jiya da yamma na buɗe ta bayan na karanta ta Auta. Da na kai layin jan bawul sai na zabura na miƙe. Na fita neman direba, ya riga ya juya, ruwan da aka yi bayansa kuma ya cinye ƙaramar gada. Yau da asuba na tako awa biyu zuwa mararraba inda ake samun sabis. Mai shago ya kira mini lambar sashe, wani ya ɗauka, ban san ko wane ne ba. Na yi ta bayani mai shago yana maimaitawa, ni ba na jin abin da yake faɗa, ba na jin abin da ake amsa masa. Da ya ajiye waya ya rubuta mini a kwali: sun ce sun leƙa, jan bawul a rufe yake, kada ka damu. Na ce ya sake kira ya ce musu a juye yake. Ya kira sau tara ba a ɗauka ba, Lahadi ce. Lambarki ba ni da ita, da na amsa miki da ina da ita.

Wani mai babur ya yarda ya ƙetara da takarda, amma ya ƙi ɗaukata, ya ce shi kaɗai ma sai ya ɗaga babur a ka. Ya yi alkawarin kawo miki hannu da hannu. Ban san ƙarfe nawa zai iso ba.

Laifin ba naki ba ne. Kin yi abin da kowane mai hankali zai yi, har kin rufa mini asiri a kan abin da kika ɗauka mantuwa ce. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina jiran a roƙe ni.

Ki miƙe hannun tare da bututu. Ki zubar da duk abin da ke tankin ajiya. Kujera ta uku ƙanwata ce.

Tsohon mai ɗakin ruwa

Litinin da la'asar, daga sashen wankin ƙoda

Assalamu alaikum, Baba.

Mai babur ya kwana a hanya, ya iso ƙarfe takwas da minti ashirin. An ɗora layin farko ƙarfe bakwai. Yana jira a waje, shi zai dawo maka da wannan, don haka zan faɗa maka yadda abin ya kasance ba tare da kwana-kwana ba.

Da safe na tarar da 'yar takarda a teburina daga mai gadin Lahadi, cewa wani ya kira ya ce a rufe jan bawul. Na je na duba, yana gitte, na gwada ruwa a inda na saba, fari. Na sa hannu aka fara. Wajen takwas saura kwata Mai Rediyo ya ce bayansa zai tsage, ya fara amai. Kafin mu gama da shi Tela ya ce ba ya iya numfashi. Ina tsaye a tsakiyar ɗaki ban san abin da zan kashe ba aka miƙo mini takardarka. Layi biyun farko kawai na karanta na yi ihu a tsayar da komai. Sista ta kai hannu za ta mayar wa ƙanwarka jininta, kamar yadda ake yi kullum, na riƙe mata hannu. Daga baya na ɗebi ruwa a bakin babbar matata. Ƙwayar ba ta gama narkewa ba kwalbar ta rine.

Mai Rediyo ya rasu ƙarfe goma sha ɗaya. Likita ya ce gishirin da ya fito daga fasasshen jini ne ya tsayar masa da zuciya. Matarsa ta zo da abincinsa na rana, a hannunta yake lokacin da aka gaya mata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tela da sauran uku suna ɗakin kwanciya, ana yi musu ƙarin jini. Ƙanwarka tana da rai. Ita ce ta fi wahalar da mu wajen tsayar da jinin allura, saboda hefarin da aka ƙara, sai da Sista ta danne fiye da awa guda. Ta farfaɗo da azahar, ta tambayi labarin Mai Rediyo, ba mu iya ɓoye mata ba, domin kujerarsa tana gefenta ta ga yadda aka fita da shi.

Na miƙe hannun bawul, na zubar da tanki, na wanke layi, yanzu ruwan fari ne a ko'ina na gwada. Likita yana son a mayar da su inji da wuri, domin wankin yau bai kai rabi ba kuma magani ba zai riƙe su fiye da kwana biyu ko uku ba. Sashe mafi kusa da mu tafiyar yini ce, kuma sun ce ba su da kujera. Amma na ƙi sa hannu. Yau da safe ma ruwan fari ne na sa hannu.

Ba zan ce maka komai a kan kwana bakwai ba, ni ma ina da nawa da zan ɗauka, da na gwada a wuri biyu da ba mu kai nan ba. Tambaya ɗaya ce da ni, kuma don Allah wannan karon ka amsa. Irin wannan bawul nawa ne suka rage a ɗakin?

Injiniya

Talata, daga gona

Injiniya, wa alaikumus salam.

Allah ya jiƙan Mai Rediyo. Shekara takwas yana ce mini Sarkin Ruwa. Ba ni da bakin yi wa matarsa gaisuwa, amma zan je.

Tun da takardarki ta iso nake zaune ina shiga ɗakin nan a raina, daga ƙofa zuwa bango. Ga abin da na samo.

Ma'aunin ƙarfin ruwa da ke kan tankin gawayi na farko yana ƙara goma a kan gaskiya, ni a kai nake cirewa. Injin kujera ta biyar, na cire wayar ƙararrawar zafin ruwa, don tana kuka ba dalili, da tafin hannu nake taɓa tiyo. Jarkokin ruwan magani na kan shiryayye ta ƙasa, murfin biyu daga cikinsu an musanya, ja a kan na shuɗi, kada ki bi murfi, ki karanta jiki. In kin zuba maganin kashe ƙwayoyi a layi, ki ƙara minti ashirin a kan ɗaurayar da littafi ya ce, akwai guntun bututu makaho bayan kabad da yake riƙe magani ya sako shi daga baya.

Huɗu ke nan. Akwai na biyar. Kowace safiya, tsakanin ajiye makulli da kunna babban famfo, hannuna na hagu yana yin wani abu, ina jin motsin a yatsuna yanzu haka, amma na kasa ganin abin da yake taɓawa. Na yi shekaru ina yi har kaina ya daina sani. Wataƙila ba komai ba ne. Haka na ce game da jan bawul. Sai na tsaya a ɗakin da ƙafata hannun zai tuna, in zai tuna.

Ana cike gadar. Direba zai ƙetaro Laraba da yamma, Alhamis da sassafe ina bakin ƙofarku. Ki ajiye mini littafi da biro. Ki ce wa Auta, a'a, ki bar shi, ni zan faɗa.

Tsohon mai ɗakin ruwa

Alhamis da asuba, a ba wa Yaya in ya iso bakin ƙofa

Yaya, sannu da hanya.

Injiniya ta karanta mini duka. Ta gyara huɗun jiya. Na biyar yana wurinka.

Ƙafafuna sun kumbura har gwiwa, a zaune nake kwana, likita ya ce ba za a wuce ƙarfe takwas na yau ba, ko ka tuna ko ba ka tuna ba. Sun tambayi wa za a fara ɗorawa, kowa ya sunkuyar da kai, na ce ni. Ruwan yayana ne, ni ya kamata in fara sha.

Kada ka zo wurina tukuna, ban shirya abin da zan ce maka ba. Ka wuce ɗakin ruwa, ka karɓi makulli wurin Injiniya ka ajiye shi inda ka saba, ka bar hannunka ya yi abinsa, ita tana tsaye tana rubutawa. In ka gama ka fito ka zauna kusa da ni ka kalli tiyo har awa huɗu su cika. Ba sai an kawo maka kujera ba, ta huɗu babu kowa.

Auta